Fintan Mai Burodi da Mutanen Kufai

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin yankin Mayo, a ƙasar mutanen Irish, a shekarun baya, da wuya a ce bai ci burodin da yayana Fintan Lavelle ya sauke a kanti ba. Tun yana saurayi mai suma har ya yi sanƙo aikinsa ke nan. Ya loda farar motarsa da safe a gidan burodin garinmu, ya bi ta Newport da Mulranny har Belmullet, ya dawo da la'asar yana ƙanshin yisti. Ba mai yawan magana ba ne. In ka ce masa ga hadari nan, sai ya ɗaga kai ya ce, "To, ai aikinsa ne." Ni ce ƙanwarsa, Nuala. Gidana na jikin nasa, katangar duwatsu ce kawai tsakaninmu, ita ma ta zube ta tsakiya saboda yawan tsallakawa.

A kan hanyar burodin ya samu mata. Sabina 'yar tsibirin Achill ce, tana tsaron wani kanti a Mulranny. Jan gashi gare ta, ga baki kamar reza. Kullum ya shigo da tire sai ta ce, "Kai da burodin nan naka ban san wanda ya fi wani surutu ba." Shi kuwa sai dai kunnuwansa su yi ja. Da aka gaji da jira, ita ce ta tambaye shi ko yana da niyyar aure ko kuwa motar ya aura.

Sabina ta tashi da harshen Irish a bakinta, da shi ake magana a gidansu. Amma tana 'yar budurwa aka tafi da ita Scotland haƙar dankali tare da sauran 'yan tsibirin, can aka riƙa yi musu dariya ana kwaikwayon maganarsu. Da ta dawo ta ajiye harshen, ta ce na talauci ne. Tsawon zamansu da Fintan tana da lafiyarta ban taɓa jin ta yi jimla guda da harshen ba. Shi ma Fintan, ɗan Irish ɗin da aka cusa mana a makaranta ya daɗe da zubewa. 'Yarsu ɗaya ce, Orla, ta zama ma'aikaciyar jinya ta tafi Australia, kamar yadda 'ya'yan kowa ke tafiya.

Da ya yi ritaya, mai gidan burodin ya bar masa tsohuwar motar, don dai ba wanda zai saye ta. Fintan ya shafe hunturu guda a cikinta da zarto da guduma. Ya yanka tagogi, ya kafa gado, ya sa ɗan murhun gas da tebur mai naɗewa. Sabina ta ɗinka labule masu ruwan ɗorawa, ta raɗa wa motar suna Katantanwa, wai ga gida a baya ga rashin sauri. Niyyarsu su zaga ƙasar nan kaf, duk wani gandun daji na ƙasa da duk wani tsohon kango da suke gani a kalanda. Sai dai kullum da abin da zai gitta. Bana bikin Orla, baɗi gwiwar Fintan. Katantanwa ta zauna a bayan gida kaji na fakewa a ƙarƙashinta.

Ciwon mantuwa ya shigo wa Sabina a hankali. Yau a sami makulli a cikin firji, gobe ta zuba gishiri a shayi. Muka riƙa dariya har dariyar ta ƙare. Wata rana ta dubi mijinta a kan teburin abinci ta ce, "Direba, ba ka da gida ne?" Daga ranar ta daina kiran sunansa.

Abin da ya fi tsanani shi ne la'asar. Da rana ta karkata sai ta sa kwat, ta ɗaura kallabi, ta tsaya a bakin ƙofa. "Zan tafi gida. Ana jirana, ba a tatsi shanu ba." Su kuwa ko akuya ba su taɓa ajiyewa ba. In ya tare ƙofar ta doke shi, ta yi kuka, ta kira shi ɓarawon mutane. Ina jiyo su ta katanga. Ran nan dai ya gaji, ya ce, "To, shiga mota in kai ki." Ta shiga Katantanwa ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya kamar mai zuwa coci. Ya kai ta bakin tafkin Pontoon ya dawo. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi shanu ba, ta ci abincinta tas.

Da ya gaya wa Orla ya yanke zai tafi da Sabina zaga ƙasa a motar, ina jin muryarta ta waya daga inda nake tsaye.

"Baba, lafiyarka kuwa? Likita ya ce a bar ta a inda ta saba."

"Gidan ne ba ta sani ba," in ji shi. "Motar ta san ta."

Sannan ya juyo kaina. Yana bukatar wanda zai riƙa sa mata ido in yana tuƙi ko yana sayayya.

"Ni? Da wannan bayan nawa?"

"Bayan naki ba ya ciwo ranar wasan cacar bingo."

"Tsohon banza," na ce, na je na haɗa kayana.

Mun tashi cikin watan Mayu, muka nufi kudu. Zaman mutum uku a cikin motar burodi ba abin da zan yi wa maƙiyina fata ba ne. Fintan na munshari kamar tarakta, ni ina kwana a kan teburin da muke cin abinci, ga ƙananan ƙudajen nan masu cizo da ke shigowa ta kowace kafa. Sabina ta yanke cewa ni matar direba ce. Takan jawo ni gefe ta ce, "Mijin nan naki yana da kirki, amma kurma ne ko?"

"Allah ya kiyaye, ni in auri wannan? Ai wata marar sa'a ce ta kwashe shi."

"Kaico," ta ce. "Allah ya ba ta haƙuri."

Fintan ya yi dariya har sai da ya tsaya a gefen hanya ya share ido.

A Clonmacnoise abin ya fara. Muna yawo tsakanin manyan gicciyen dutse da cocin da ba rufi, kogin Shannon na kwance a ƙasa, sai ta tsaya ta fuskanci wani lungu inda babu komai sai ciyawa. Ta ɗan rusuna. "Sannunku da aiki," ta ce, ta jira kamar ana amsa mata, sannan ta wuce. Na dubi Fintan, ya ɗaga kafaɗa. Ba mu ɗauke shi komai ba. Mai irin ciwonta yana ganin abin da babu, likita ya riga ya gaya mana.

Amma ba ko'ina take gani ba. A gari, a kanti, a wurin shan mai, ba ta ganin kowa sai waɗanda kowa ke gani. A gandun dajin Killarney mun wayi gari barewa na kiwo dab da motar cikin raɓa, ta kalle su kamar yarinya. Da muka isa tsohon gidan sufaye na Muckross, inda wata ƙatuwar bishiya ta tsiro a tsakar gida, sai ta toge a bakin ƙofa ta riƙe hannuna.

"Suna addu'a. Ku bari su idar."

Muka tsaya. Masu yawon buɗe ido na shiga suna fita da kyamarori, mu uku muna tsaye kamar masu jiran bas. Can ta yi alamar gicciye ta ce, "To, sun idar." Muka shiga.

A Burren, inda ƙasa duk faffaɗan dutse ce furanni na tsirowa ta tsagu, ta ɗauki rabin burodinmu ta gutsuttsura ta jera a kan wata rusasshiyar katanga. Na ce wa za ta ba. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Ba ki ga yaran ba? Dubi ƙafafunsu."

Na daina dariya a kwarin Doolough. Kowa a Mayo ya san hanyar nan, ya san mutanen da suka bi ta a ƙafa lokacin babbar yunwa suna neman taimako, suka dawo hannu wofi suka zube a bakin tafkin. Ranar da muka bi ta rana ce mai kyau, ruwan baƙi wuluk, duwatsu tsaye ta kowane gefe. Sabina ta dafa gilashin gaba da hannu biyu.

"Direba, a hankali! Za ka take su."

Hanya fayau, ko tunkiya babu. Fintan ya rage gudu har muka koma tafiyar ƙafa. Motoci suka taru a bayanmu suna ta oda, wani ya wuce yana zagi, shi ko a jikinsa. Ita kuwa tana bin gefen hanya da ido, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, leɓɓanta na motsi. Na tsinci kaina na janye gwiwar hannuna daga taga, kamar kada in goge wani.

Daga nan Achill ba nisa. Amma da muka zo mararrabar Mulranny, Fintan ya karya kan mota arewa, ya bi ta fadamun Ballycroy. Na bari har muka tsaya shan shayi, Sabina na gyangyaɗi, sannan na ce, "Ka wuce hanyar garinsu."

"Na sani."

"Kullum gida take nema."

Ya daɗe yana juya cokali. "In na kai ta, ta ga ba kowa, me zan ce mata? Yanzu dai tana da inda za ta."

Muka haura har Donegal, muka yi kwanaki a Glenveagh. Wuri ne mai kyau da ban tsoro, dogon tafki tsakanin tsaunuka, shiru kamar an share mutane da tsintsiya, kuma dama an taɓa share su daga wannan yanki. Can Sabina ta fara ƙin abinci. Ba ta gaida kowa, ba ta tsokanata, sai ta zauna a kujerar gaba da kwat ɗinta a jiki tana fuskantar kudu. Kuma can ne na fara jin ta tana magana ƙasa-ƙasa da harshen da ta ajiye tun tana budurwa. Yana fita sumul, ba gargada. Ni kalma ɗaya-ɗaya nake tsinta. Wadda ta fi yawan dawowa ita ce gida.

"Fintan," na ce, "matar nan za ta mutu a kujerar nan tana jira."

Washegari ya naɗe tebur ya juya mota.

Ƙarshen watan Agusta muka haye gadar Achill. Gidan da aka haife ta an daɗe da sayar wa wasu baƙi, sun yi masa fenti shuɗi. Ya tsaya a gabansa, ko kallo bai ishe ta ba. Ta nuna gaba da haɓa. Haka ta riƙa nuna masa hanya, ita da ba ta iya gane banɗaki a gidanta, har muka isa gindin dutsen Slievemore, ya ajiye motar kusa da maƙabarta.

Wani kufai ne shimfiɗe a jikin dutsen. Gidajen duwatsu ne jere, da yawa, duk ba rufi, duk sun fuskanci gefe guda. A gangaren ana ganin kunyoyin dankali na mutanen da, ciyawa ta rufe su amma ba ta shafe su ba. Bayan an watse daga garin, mutanen tsibirin sun daɗe suna kawo shanu nan da bazara, 'yan mata su zauna a kangayen suna tatsa. Kakar Sabina ta yi, mahaifiyarta ma ta yi, ita kanta an taɓa kawo ta tana 'yar mitsitsiya.

Tsakar rana ce, amma hazo na saukowa daga kan dutsen. Sabina da ke jan ƙafa tun bara ta sauka daga mota ta kama hawa, mu biyu muna haki a bayanta. Kowace ƙofa ta wuce sai ta leƙa ta yi gaisuwa, wani wuri ta yi dariya, wani wuri ta dafa ƙirji kamar an ba ta labarin rasuwa. Tumaki suka riƙa kauce mata. Can wajen tsakiya ta sunkuya ta shiga wani gida, ta zauna a kan dutse kusa da inda murhu yake a da. Ganye mai ƙaiƙayi da ciyawa ne kawai a wurin.

Muka tsaya a bakin ƙofa. Tana magana, ta yi shiru tana saurare, ta amsa, ta juya ga wani gefen. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko a ranar aurenta. Sai na ji ƙanshi. Hayaƙin baƙar ƙasar fadama ne, irin wadda iyayenmu ke yanka su busar su hura wuta da ita, haɗe da ƙanshin madara mai ɗumi. Na waiga. Babu gida mai hayaƙi kusa, iskar ma daga kan dutse take zuwa, inda babu kowa.

Sabina ta ɗago ta dubi ƙofa.

"Fintan, shigo mana. Ka tsaya kamar sanda. Cire hula ka gaishe su."

Ya sunkuya ya shiga, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya dubi bango, ya dubi ciyawa, ya ce, "Sannunku da gida."

Ta kama hannun rigarsa ta jawo shi kusa, ta yi wata doguwar magana da harshensu, tana nuna shi. Sannan ta juyo tana murmushi. "Mama ta ce ka rame. Na ce mata haka kake tun asali, ba laifina ba ne."

"Gaskiya ne," in ji shi.

"Suna tambaya ko kana kula da ni."

Ita ce ta amsa musu. Ta daɗe tana amsawa, tana shafa bayan hannunsa, shi kuma yana tsaye hawaye na bin haɓarsa, bai fahimci ko kalma ɗaya ba.

Yayyafi ya fara, mai sanyi. Ina ta tunanin yadda za mu raba ta da wurin ba tare da kokawa ba. Sai ga shi ta miƙe da kanta, ta kakkaɓe kwat, ta yi sallama da kowane lungu.

"Sun ce in koma tukuna. Wai sai an haƙe dankali."

Na kama hannunta don mu gangara. Nawa hannun ya ƙage don sanyi, nata kuwa zafi rau, kamar wadda ta tashi daga bakin wuta. Kuncinta ɗaya ya yi ja, na gefen da ke fuskantar murhun. Ɗayan fari fat. Na nuna wa Fintan da ido, ya gani, ya kau da kai.

Kafin mu kai mota ta koma jan ƙafa. Da ya buɗe mata ƙofa ta ce, "Na gode, direba."

Muka dawo gida. Ba ta sake sa kwat da la'asar ba, ba ta sake tambayar shanu ba. Takan zauna a bakin taga tana kallon lambun maƙwabcinmu, ta ci ɗan abin da aka ba ta. Maganarta ta yi ta raguwa. A farkon Nuwamba, wata ranar Laraba bayan abincin rana, Fintan ya kawo mata shayi ya same ta a kujera ta riga ta tafi. Maƙwabcin ya kwashe dankalinsa mako guda kafin nan. Ban ce wannan ne ya kawo wancan ba. Tsohuwa ce marar lafiya, kuma kowa na haƙar dankali a wannan lokaci.

Orla ta zo jana'iza. Ta so a binne uwarta a garinmu inda za a riƙa kai mata furanni, Fintan ya ce a'a, Achill. Shi da bai taɓa yi wa kowa musu ba, ranar ko Fada na coci bai iya tanƙwara shi ba. Na ba Orla labarin kufan, ta saurara, ta rungume ni, ta ce masu irin wannan ciwo sukan farfaɗo na ɗan lokaci in sun ga wurin ƙuruciya, ta sha gani a asibiti. Na ce haka ne. Ban gaya mata zancen kuncin ba.

Da bazara ta zagayo ya tayar da Katantanwa ya tafi shi kaɗai. Bai ce in zo ba, ni ma ban ce zan je ba. Bayan kwana biyu na ji motar ta shigo, na tsallaka katanga na same shi zaune a ciki bai kashe injin ba.

"Yaya?"

"Tumaki," ya ce. "Sai wasu Jamusawa masu ɗaukar hoto. Na zauna a gidan tun safe har yamma. Na cire hula, na yi gaisuwa." Ya kashe injin. "Ba su san ni ba in ba ita."

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran nan, kin ji hayaƙi?"

"Na ji."

"Da madara?"

"Da madara."

"To, shi ke nan. Na ɗauka ni kaɗai ne."

Ba mu sake tayar da maganar ba. Ya ƙara yin bazara biyu a kan hanya, ya je wuraren da ba mu kai ba, Glendalough da tsaunukan Wicklow da gabar arewa. Yakan dawo ya ce wuri ya yi kyau, an yi ruwa. Daga baya idanunsa suka yi rauni, aka hana shi tuƙi. Ya ba wa ɗan maƙwabcinmu da amaryarsa motar, suka cire labulen suka sa nasu.

Yanzu ya haura tamanin. Rediyonsa kullum na kan tashar da ke magana da Irish, ya ƙure murya har kajina sun fara ganewa. Duk ranar Talata ina kai shi ɗakin karatu na gari, inda wata yarinya ke koyar da harshen. 'Yan ajin nasu shi ne, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Poland, da wasu iyaye biyu masu son taya 'ya'yansu aikin makaranta. Shi ne na baya a ajin. Harshensa ya yi tauri, abin da ya koya yau gobe ya zube, 'yar Poland ɗin ce ke gyara masa furuci.

Makon jiya muna dawowa na ce, "Wai kai da tsufanka, ƙafa ɗaya a kabari, me za ka yi da wannan wahala?"

Ya gyara hularsa. "Mutum ya je gidan surukai ya tsaya kamar gunki sau ɗaya, ai ya isa."

"To me ka iya zuwa yanzu?"

Ya yi gyaran murya, ya faɗi wata jimla a hankali, yana tuntuɓe a kan kowace kalma. Na ce me ke nan.

"Wai, ku yi haƙuri, na makara, hanya ce ba kyau."

"Kuma daidai ka faɗa?"

"Malama ta ce saura kaɗan," in ji shi. "Tsaya a kanti, shayinmu ya ƙare."